'Yar shara

'yar shara (suna, mace) Riga ce ta maza marar hannu, mai faɗi, wadda ake barin gefunanta a buɗe ko a ɗan haɗe su daga ƙasa don iska ta ratsa jiki. Akan ɗinka ta da yadin auduga ko shadda mara nauyi, a sa mata aljihu a ƙirji, wani lokaci da ɗan aiki a wuya. Tufar bazara ce, kuma akan sa ta a ƙarƙashin babbar riga.

A Jos, garin da ke bisa tudu kimanin mita 1,200, lokacinta gajere ne. Sanyin Disamba da Janairu na tura mutane Kasuwar Katako neman rigunan sanyi na gwanjo. Sai Maris da Afrilu, rana ta buɗe, za ka ga dattawan Gangare da Unguwar Rogo sun fito da ita. Yayin ɗinki ya zo ya wuce sau da yawa, ita kuwa yankanta bai sauya ba, kuma wallahi ta cancanci haka.

Misali: "Baba, ga 'yar shararka an wanke, zafi ya fara."

Ba a cika zuwa ɗaurin aure da ita kaɗai ba.