Koyarwa daga nesa a Nijar: abin da tarihi ke nuna wa ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Filinge, babban garin ƙasar Kurfai, yana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kurfayawa da Hausa suke magana, suna maƙwabtaka da Zabarmawa da Buzaye da Fulani. Ɗan Kurfai da ya ci jarrabawar bakaloreya sai ya bar gida kafin ya shiga jami'a. Ko jami'ar Tilaberi, wadda aka kafa a 2014 cikin jiharsu, hanyar kwalta ba ta kai shi can sai ta bi da shi ta Yamai. Shi ya sa ake maganar kai darasi inda ɗalibi yake ta hanyar intanet. Wannan maƙala za ta duba gwaje-gwajen da suka gabata, don a ga abin da ya ɗore da abin da ya faɗi.

2. Zamanin rediyo da telebijin

A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Mutanen gari sukan taru su saurari shiri, mai jagora ya buɗe mahawara, ya ɗauki maganarsu a faifai, a aika Yamai, a sake watsawa da Hausa da Zabarmanci. Wato magana tana zuwa, tana komawa, cikin harshen da manomi ke ji.

A 1964 aka soma telebijin na makaranta da taimakon Faransa. Azuzuwan farko ba su wuce ashirin da ƴan kai ba, duka a Yamai da kewayenta. Mataimakan malamai masu ɗan gajeren horo ke tsaron aji, darasi kuwa da Faransanci yake. Yara sun iya magana da Faransanci ƙwarai, to amma shirin bai game ƙasa ba: kuɗinsa daga waje yake, akwatunan kuma suna bukatar wuta da masu gyara. A 1979 gidan telebijin na ƙasa ya gaji kayan aikin. A shekarar da aka soma wannan gwaji ne Abdu Mumuni ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu.

3. Zamanin jami'a da intanet

An buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. A 1997 Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta nesa, mai aiko da lacca ta tauraron ɗan Adam, jami'ar Yamai kuwa tana cikin wuraren da suka karɓa. Sai dai dole ɗalibi ya zo ɗakin da aka kafa na'urar. Nesa ta ragu tsakanin Yamai da Turai, ba ta ragu tsakanin Yamai da Filinge ba.

A 2002 manhajar Moodle ta fito daga Ostareliya, kyauta. Da irinta malami ke jera darussa, ya ba da aiki, ya karɓa, ya yi maki. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu da jami'o'in Nijar. Nan aka ga cewa yawancin ɗalibai salula ce a hannunsu, ba kwamfuta ba, ɗaliban karkara kuma ga ƙarancin wuta ga raunin layi.

4. Abin da ya kamata a gyara

Na farko, haruffa. Taron Bamako na 1966 ya daidaita rubutun Hausa da ɓ, ɗ, ƙ. Nijar tana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Manhajar da ba ta san wannan ba za ta iya ƙin amsar ɗalibi mai kyau, ko ta haɗa "ƙafa" da "kafa". Aikin masana harshe ne su gwada allon rubutu da ma'aunin gyara kafin a saki darasi.

Na biyu, kalmomi. Tun 1973 ake da makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa, amma ƙamus na fannonin jami'a bai kammala ba. A tattara kalmomin noma da kiwo daga bakin Kurfayawa, a kwatanta su da daidaitacciyar Hausa.

Na uku, nauyin darasi. A yi shi da sauti da rubutu mara nauyi, wanda za a sauke ranar da layi ya samu, a karanta ba tare da layi ba.

Na huɗu, mutum. A kowace cibiya a sa mai jagora da aka horar, yadda kulob na rediyo suka yi, tare da faifan hasken rana don cajin wayoyi.

5. Kammalawa

Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi cikin shekarun da suka biyo 2017, saboda haka wannan magana ta wuce ta jin daɗi. Gwajin da ya yi amfani da harshen mutane, ya kuma saurari amsarsu, shi ya kai ƙauye. Wanda ya dogara ga na'ura da kuɗin waje bai yi nisa da babban birni ba. Masu tsara ilimi su auna kowace manhaja da ɗalibin Filinge kafin su auna ta da na Yamai.