Miƙa Wuya a Fagen Dara: Tarihin Wata Ladabi Daga Allon Katako Zuwa Intanet

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buga ces, wato darar Turawa, ta intanet ya san irin ɗan wasan nan da kan ɓace da zarar ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ba zai amsa kaye ba, ba kuma zai ci gaba da wasa ba, sai ya bar abokin karawarsa zaune yana kallon agogo har lokaci ya ƙare. Da yawa daga cikinmu kan ɗora laifin wannan hali a kan intanet. A wannan maƙala za mu waiwayi tarihi domin mu nuna cewa halin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma amsa kaye wani ɓangare ne na wasan kansa, haƙƙi ne da wanda aka kayar yake bai wa wanda ya kayar da shi.

Asalin Al'adar

Wasan ces ya samo asali ne daga ƙasar Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya shiga Turai. Manufarsa ita ce a ritsa sarkin abokin karawa har ya rasa mafita. Sai dai tsakanin gwanaye ba a cika kaiwa can ba. Da zarar gwani ya hango cewa babu makawa, sai ya tsayar da agogo ya miƙa hannu a gaisa, wasu ma kan kwantar da sarkinsu a kan allo. Ma'anar wannan ita ce: na ga abin da ka gani, na kuma yarda ba za ka yi kuskure wajen ƙarasawa ba. Ci gaba da jan wasa bayan nan tamkar raina basirar abokin karawa ne. Dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, sun amince cewa furta miƙa wuya yana kawo ƙarshen wasa nan take.

Wanda Ya Fice da Wanda Ya Yi Gaggawa

A shekarar 1895 an yi wata babbar gasa a garin Hastings na Ingila. A can ne Wilhelm Steinitz, tsohon zakaran duniya mai shekara 59, ya kara da Bajamushe Curt von Bardeleben. Bayan taku na 25 Bardeleben ya gane cewa tasa ta ƙare, sai ya tashi ya fice daga zauren ba tare da ya ce uffan ba, ya bar agogonsa yana tafiya har lokacinsa ya cika. Steinitz ya nuna wa 'yan kallo yadda da zai ritsa sarkin cikin taku goma. Akwai masu cewa tafin 'yan kallo ne ya fusata Bardeleben. Ko ma mene ne dalili, shi ɗan wasa ne mai ƙarfi a zamaninsa, amma yau bayan shekara fiye da 120 ba a fi tunawa da shi da komai ba kamar wannan ficewa.

Gaggawa ma tana da nata aibin. A gasar Monte Carlo ta 1902, Georg Marco ya zaci zai rasa ɗaya daga cikin manyan 'ya'yan wasansa a karawarsu da Ignatz von Popiel, sai ya miƙa wuya, alhali akwai taku ɗaya tak da zai ba shi nasara. Faɗuwar gaba, in ji Hausawa, asarar namiji. Saboda haka ne malaman wasan suke hana masu koyo saurin sallamawa, domin a tsakanin sababbin hannu kuskure ba ya ƙarewa sai an tashi.

Misalan Dattako

A 1956 a birnin New York, Donald Byrne ya sha kaye a hannun Bobby Fischer, yaro ɗan shekara 13. Byrne bai sallama ba, ya ci gaba har yaron ya ritsa sarkinsa a taku na 41, kuma masana da dama sun ɗauki wannan a matsayin karamci, domin ya bar kyakkyawan wasa ya kai ƙarshensa. Shekara 16 bayan nan, a 1972, Fischer ya kara da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a Reykjavik domin kambin duniya. Da Fischer ya ci wasa na 6, Spassky ya bi sahun 'yan kallo ya tafa masa, duk da cewa ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin ƙasashensu. Wasa na 21 kuwa, wanda aka ɗage zuwa washegari, ta wayar tarho Spassky ya sanar da miƙa wuyansa ranar 1 ga Satumba. Bai bar kowa cikin jira ba.

A Japan al'adar ta fi haka tsauri. A wasansu na shogi, wanda aka kayar shi ne zai sunkuyar da kai ya furta da bakinsa cewa ya sha kaye. Daga nan su biyun za su zauna su sake bin wasan taku bayan taku, suna nuna wa juna inda aka kuskure. A wurinsu wasa bai ƙare ba sai an yi wannan zama.

Zamanin Na'ura

An buɗe dandalin buga ces ta intanet na farko a 1992, daga baya irin su Chess.com da Lichess suka tara miliyoyin 'yan wasa. A nan babu musabaha, babu haɗa ido, babu dattijon da zai harare ka. Abin da ya rage shi ne maɓalli mai hoton tuta, da haruffa biyu, gg, da ake rubuta wa juna da nufin wasa ya yi kyau. Da kunya ta kau, sai halin Bardeleben ya zama ruwan dare, har dandalan suka shiga dakatar da masu yawan barin agogo yana tafiya na wani ɗan lokaci. Abin da a da kunya take hanawa, yanzu sai da doka.

Har manya ma maɓallin ya sauya wa hali. Ranar 19 ga Satumba 2022, Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, ya miƙa wuya ga Hans Niemann bayan taku ɗaya kacal a wata gasa ta intanet, ya kashe kyamararsa. Ba kaye ya sha ba. Nuna fushi ne kan zargin maguɗi, kuma lamarin ya raba kan masu sharhi, domin maki na banza da ya bayar ya shafi sauran 'yan gasar.

Abin lura shi ne ita na'urar an koya mata ladabin. A watan Maris na 2016 a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta doke Lee Sedol, gwanin wasan go na Koriya ta Kudu, da ci 4 da 1. A wasa na 4 da Lee ya ci, manhajar ba ta ja lokaci ba. An tsara ta ne ta sallama idan lissafinta ya nuna damar nasararta ta gaza kashi 20 cikin 100. Sanarwa ta fito a fuskar kwamfuta, mutumin da yake aza mata duwatsu ya ɗora dutse a kan allo kamar yadda al'adar wasan ta tanada.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Mai koyo ya yi ta fafatawa har ƙarshe, ba laifi. Wanda ya tabbatar babu mafita ya sallama a fili. Abin da tarihi bai yafe wa kowa ba shi ne sulalewa a bar mutum yana jira. A bayan kowane suna da muke gani a intanet akwai ɗan Adam da ya ba mu lokacinsa da tunaninsa, kuma danna tutar nan ita ce godiyar da za mu iya yi masa. Durƙusa wa wada dai ba gajiyawa ba ne.