Tsohuwar Kyanwata da Abin da Tarihi Ya Tuna Mini

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai wata kyanwa da ta shekara 14 a gidanmu. Tun ina ɗalibi a jami'a na tsince ta, kuma ita ta raba littattafaina da ɓarnar ɓera. Yanzu ta tsufa, ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a: da ƙarfe 2 na dare ta yi, sai ta tsaya a ƙofar ɗaki ta yi ta kuka har kusan asuba. Barci ya gagare mu, yarinyarmu ƙarama ta farka, ni kuma in wayi gari ina gyangyaɗi a gaban ɗalibai. Wani maƙwabci ya ce in saka ta a buhu in kai ta bayan gari, wata kuma ta ce kukan mage cikin dare ba banza ba, da hannun aljanu a ciki. Ba zan ɓoye muku ba, har buhun na nemo. Abin da ya hana ni shi ne darasin da nake shirin karantarwa a makon, wanda ya faɗo a kan Abu Huraira (RA).

Ma'anar wannan alkunya ita ce mai 'yar kyanwa. Tirmizi ya ruwaito daga bakinsa cewa lokacin da yake kiwon dabbobin gidansu yana da wata 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta a kan bishiya, da rana ya tafi da ita yana wasa da ita. Ya zo Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, ya zama wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwayar hadisi, amma har yau da sunan wannan 'yar kyanwa duniya ta san shi.

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin Abu Ƙatada (RA), wanda aka zuba wa ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da Kabsha, matar ɗansa, ta yi mamaki, sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Bukhari da Muslim kuma sun kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Da na karanta wannan sai na tambayi kaina: tsohuwar da ba ta iya farauta, in aka yar da ita a daji, mene ne bambancinsa da tsarewar?

Waɗanda suka biyo baya sun riƙe wannan tarbiyya. A Bagadaza, mawaƙi Ibnul Allaf, wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan Hijira, ya yi wa kyanwarsa doguwar waƙar makoki bayan maƙwabta sun kashe ta don tana cinye musu tantabaru. A Masar kuwa, Ibnu Khallikan ya kawo labarin malamin nahawu Ibnu Babshaz, wanda ya rasu a 469. Wata rana yana cin abinci da mutanensa a saman masallaci, sai kyanwa ta zo, suka jefa mata loma, ta ɗauka ta tafi, ta sake dawowa, har abin ya yi yawa. Da suka bi ta, sai suka tarar tana kai wa wata makauniyar kyanwa ne a wani kango. Abin ya girgiza malamin, har ya ajiye aikinsa na fada ya koma dogaro ga Allah, Wanda bai manta da makauniyar kyanwa ba.

Sarki Zahir Baibars, wanda ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277 Miladiyya, an ambata cewa ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Baturen Ingila Edward Lane, a littafinsa na 1836 kan al'adun Misirawa, ya rubuta cewa a zamaninsa alƙalin Alƙahira ne ke ɗaukar nauyin abincin, ana rarraba musu kullum da la'asar a harabar kotu.

Sai dai a kula. Labarin da ke yawo a intanet na wata kyanwa mai suna Mu'izza, wai Annabi (SAW) ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashe ta daga barci, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. Kada son dabba ya sa mu jingina masa abin da bai tabbata ba. Wanda ya inganta ya ishe mu.

Daga ƙarshe na mayar da buhun, na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya bayyana mini cewa kukan tsohuwar kyanwa da dare yakan zo ne daga raunin ji da gani, ko ciwon ƙoda, ko hawan jini, ko cutar maƙoshi da ke hana ta natsuwa, ko kuma ruɗewar ƙwaƙwalwa irin ta tsufa. Tawa ta kusa kurumcewa, idonta kuma ya yi rauni. In duhu ya yi sai ta rasa inda take, ta yi ta kira. Yanzu muna ba ta abinci bayan isha'i, mu bar mata ƙaramar fitila, mu shimfiɗa mata tsumma mai ɗumi kusa da ruwanta. Kukan ya ragu, amma bai ƙare ba. Wani daren har yanzu tana tada ni, in tashi in shafa ta ta yi shiru, sau da yawa kuma sai in ga sulusin dare na ƙarshe ne, in ɗaura alwala.

Ya ɗan uwa, in kana da irinta, ka fara da neman sanadin kukan kafin ka yanke hukunci. Ta yi maka hidima da ƙuruciyarta, kuma kai ma kana fatan a yi haƙuri da kai in naka tsufan ya zo. Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya ji ƙanmu. Amin.

Wassalamu alaikum.