Daga hannun direba zuwa ƙwan LED: taƙaitaccen tarihin sigina

Duk wanda ya fito daga Mawashi ya hau titin Kano zuwa Katsina da daddare, musamman tsakanin Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya, ya ga yadda motoci da babura suka koma kamar gidan biki. Wani siginarsa fara, wani shuɗiya, wani kuma tana ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa na ce bari mu waiwayi asalin abin.

Da can hannu direba ke fitarwa ta taga in zai karya kwana. Daga baya aka ƙera 'yar sanda mai fitila da ke miƙewa daga jikin mota. Sunanta na Turanci ne ya zama "tirafiketa" a bakin makanikai har yau. A 1939 kamfanin Buick na Amurka ya fara fitar da motoci da sigina mai kawowa da ɗaukewa. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, wadda muka taso muna shiga, irin wannan tsarin gare ta: ƙwai mai zare na wat 21 a bayan murfi ruwan lemo.

Shi kuwa LED, a 1962 Nick Holonyak ya samar da ja a kamfanin General Electric. Shuɗin da ya buɗe ƙofar farin haske sai bayan 1990 wasu masana uku 'yan Japan suka cim masa, har suka ci kyautar Nobel a 2014. Amfaninsa a fili yake: ba ya shan batir, yana daɗewa, kuma yana riga tsohon ƙwai kamawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ga mai gudun kilomita 100 a awa, wannan tazarar mita biyar ce da ɗoriya.

To ina matsalar? Rilen da ke sa sigina ƙyaftawa an auna shi ne da wutar da tsohon ƙwai ke ja. In aka sa LED, sai ya ɗauka ƙwai ya ƙone, ya kama sauri, ko ya tsaya cak. Maganin shi ne a canza rilen da wanda ya dace da LED, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar launi. Fari a baya na nufin ribas, ruwan lemo na nufin kwana. Yare ne da direbobi suka daɗe da amincewa da shi, kuma ɗan acaɓan da ya ɗauko goyo ranar kasuwar Caranci da shi yake karanta niyyarka. Ka canza launi, ka yi masa ƙarya ke nan.

Ku sa LED, ban hana ba. Amma ku sa mai ruwan lemo, ku ce wa mai wayarin ya canza rile, ku zagaya bayan mota ku duba kafin ku biya. Allah ya tsare mana hanya.