Hawan jini: Yadda ake gano shi da yadda ake bibiyarsa

Hawan jini yanayi ne da ƙarfin da jini ke tura bangon jijiyoyi da shi yake zarce ƙima, kuma ya ɗore a haka. Akasarin masu ɗauke da shi ba sa jin komai a jikinsu. Ciwon kai da jiri da mutane suka saba dogaro da su ba ma'auni ba ne, domin jinin mutum na iya kasancewa a sama shekara da shekaru yana harkokinsa lafiya lau, sai ranar da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko lalacewar ƙoda ta fallasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa masu cutar sun kai kimanin biliyan 1.3, kuma kusan rabinsu ba su san suna da ita ba.

Hanya ɗaya tak ta ganowa ita ce awo. Na'urar da ake ɗaura wa a dantse ta samo asali ne daga likitan Italiya Scipione Riva-Rocci a 1896, sannan a 1905 likitan Rasha Nikolai Korotkoff ya gano yadda ake sauraron sautin jijiya don fitar da lambobi biyu da ake rubutawa har yau. Lambar sama tana nuna ƙarfin jini lokacin da zuciya ta matse ta harba shi, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tsakanin bugu da bugu.

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa mutum yana da hawan jini idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a awon da aka yi a ranaku biyu mabambanta. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80 tun 2017, shi ya sa mai karatu zai iya cin karo da alƙaluma biyu. Sharaɗin ranaku biyun yana da muhimmanci, saboda jini yana hawa da sauka cikin yini guda. Akwai wanda ganin likita kaɗai ke ɗaga masa jini, ya koma gida ya sauka. Akwai kuma akasinsa, wanda awonsa na asibiti ke fitowa daidai alhali a gida yana sama, kuma wannan ya fi haɗari tunda shi ake sallama a ce lafiyarsa ƙalau.

Nan ne awon gida yake da amfani, muddin an yi shi bisa ƙa'ida. Mutum ya guji taba da kofi da goro da aikin ƙarfi na minti 30 kafin awo, ya yi fitsari, sannan ya zauna minti biyar bayansa a jingine, tafin ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba. A ɗora hannu a kan tebur daidai saitin zuciya, a ɗaura madaurin a kan fata ba bisa hannun riga ba, kuma a yi shiru har na'urar ta gama. Girman madaurin ba ƙaramin abu ba ne: wanda ya yi wa dantse kaɗan yana ƙara lamba, abin da ake yawan sakaci da shi wajen auna masu jiki. Na'urar dantse ta fi ta wuyan hannu aminci.

Likitoci kan so a yi awo sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, na tsawon mako guda, a rubuta a littafi tare da ranar da lokacin. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135 bisa 85 shi ake ɗauka hawan jini ne. Wanda ke shan magani kuma ya ga lambobinsa sun sauka, maganin ne ke aiki. Dainawa ba tare da shawarar likita ba kan mayar da jinin inda ya fito.

Idan awo ya kai 180 bisa 120, musamman tare da ciwon ƙirji, ɗaukewar numfashi, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar hannu ko ƙafa, asibiti ake nufa nan take. Mai juna biyu kuwa ba ta jira sai lamba ta kai can. Awon 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki na iya zama farkon ciwon da ke kai wa ga jijjiga, wanda hakan ne ya sa ake auna jininta a duk zuwan da ta yi awon ciki.