Mai Keke da Alewa: Asalin Sana'ar Labarin Zane a Ƙasar Japan

Duk wanda ya lura da yadda samarin wannan zamani suka duƙufa a kan littattafan zane na ƙasar Japan, waɗanda ake kira manga, suna bin su a wayoyinsu babi bayan babi har barci ya sace su, zai iya zaton wannan fanni ɗan gata ne tun fil'azal, wanda aka haifa a manyan ofisoshi, aka rene shi da dukiya. Alhali kuwa in aka bi salsalarsa a tsanake, daga hannu zuwa hannu har a kai ga tushe, inda za a tarar ta tsaya shi ne gefen titi, wurin wani talaka da ke tura keke yana sayar wa yara alewa. Tarihin nan ya cancanci a ba da shi, domin a cikinsa ne ake samun sababin da ya sa waɗannan littattafai ke yi wa zuciyar mai karatu kamun da ba ta iya kuɓucewa.

Mutanen Japan sun daɗe da sanin haɗa zane da magana. Tun wajen ƙarni na 12 suna zana ƙissoshi a kan dogayen takardu na naɗewa, waɗanda ake warwarewa sannu sannu daga dama zuwa hagu, kuma mafi shahara a cikinsu su ne na haikalin Kozan-ji da ke Kyoto, inda aka zana zomaye da kwaɗi da birai suna kokawa da wasanni irin na 'yan Adam. Masu wa'azin addinin Buddha ma sukan zaga garuruwa da hotunan ni'ima da na azaba, suna nunawa da sanda suna sharhi. A 1814 kuma mashahurin mai zanen nan Hokusai ya fara buga tarin zane-zanensa da sunan manga, ko da yake nasa hotuna ne barkatai, ba labari mai farko da ƙarshe ba. Waɗannan duka kakanni ne na nesa. Uban da ya haifi sana'ar kai tsaye sai a ƙarni na 20 ya bayyana.

Wajen 1930, sa'ad da karayar arzikin duniya ta auka wa Japan, masana'antu suka sallami ma'aikata, magidanta da dama a Tokyo suka wayi gari ba abin sawa a bakin salati, sai wata sabuwar hanyar neman abinci ta ɓullo, wadda suka kira kamishibai. Mutum zai ɗaura wani akwatin katako a bayan kekensa, samansa da taga wadda ake zura kwalaye masu hoto a ciki, ƙasansa da aljihunan alewa. In ya isa unguwa da la'asar, lokacin da yara suka taso daga makaranta, sai ya kafe keken, ya ɗauki wasu katakai biyu ya yi ta gwara su, ƙararsu ta ratsa lunguna, yara su fito a guje da 'yan kuɗinsu a hannu. Sai ya fara sayar da alewa tukuna. Wanda ya saya shi ke tsayawa a sahun gaba, wanda bai saya ba ya ja da baya ya yi leƙe ta kafaɗun 'yan'uwansa. Daga nan ya shiga zare kwalayen ɗaya bayan ɗaya, wani a hankali don ya ja rai, wani da fizga don ya firgita, yana sauya murya daga ta jarumi zuwa ta mugu zuwa ta marainiya mai kuka.

Kwalayen nan ba nasa ba ne. Akwai dillali wanda ke biyan masu zane ladan aikinsu, ya sa a shafe hotunan da man da zai kare su daga ruwa, sa'an nan ya ba masu keke haya. Ba a buga su a maɗaba'a. Kowane babi kwafi ɗaya ne tak, zanen hannu, yau yana wurin wannan, gobe ya koma wurin wancan, har ya zaga gari ya tsufa. Saboda haka wajibi ne mai zane ya kawo sabon babi kullum, ba fashi, ba uzuri.

A nan ne hikimar sana'ar take. Tun da abincin mai keke ya rataya ne a kan dawowar yaran gobe, bai isa ya ƙare labari ya bar zukatansu a kwance ba. Dole ya yanke shi daidai inda takobi ya ɗaga bai sauka ba, ya ce sai gobe, irin dabarar da aku ya yi ta yi wa Musa ɗan sarki a Magana Jari Ce don ya hana shi fita. Kuma hukuncin masu sauraro ba ya jinkiri, gama labarin da bai yi armashi ba, washegari ake gane shi ta yawan alewar da ta yi kwantai. Cikin wannan makaranta mai tsanani aka haifi Ogon Batto a farkon shekarun 1930, wani jarumi mai kan ƙwarangwal da alkyabba, wanda ya riga Superman na Amurka fitowa, tun da shi sai a 1938 ya bayyana.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, hukuma ta ga tasirin abin, ta mai da shi kakakin farfaganda, ta buga nata kwalayen masu kwaɗaitar da mutuwa a fagen fama. Bama-baman da suka ƙone Tokyo a 1945 kuwa sun cinye tsofaffin hotuna masu yawa. Amma bayan an sha kaye, sojoji suka komo gida ba aiki, sana'ar ta sake bunƙasa, dubban mutane suka rungume ta, har mahukuntan mamaya na Amurka suka ga ya kamata su riƙa tace labaran kafin a nuna. Abin da yaƙi bai iya kashewa ba, talabijin ya kashe shi: a 1953 aka fara watsa shirye-shiryensa a ƙasar, kafin shekara goma ta cika yara sun daina amsa kiran katakai.

Masu zanen ba su mutu tare da sana'ar ba; ƙaura suka yi. A Osaka an riga an fara buga wasu ƙananan littattafai masu araha da jan bango, a kan takarda marar kyau, kuma a cikinsu ne wani ɗalibin likitanci, Tezuka Osamu, ya fito da Shin Takarajima a 1947, ya nuna cewa ana iya sa hotunan shafi su gudana yadda na silima ke gudana. Sai kuma shagunan hayar littattafai suka cika unguwannin talakawa, inda leburan masana'anta da bai isa sayen littafi ba zai ba da ɗan abin da ya samu ya karɓa ya kwana da shi. Can ne Shirato Sanpei da Kojima Goseki da Mizuki Shigeru suka nufa da abin da suka koya a titi.

Daga cikinsu, Mizuki ne na fi daɗewa a kan littattafansa a 'yan kwanakin nan, kuma shi ya fi sosa mini rai. An haife shi a 1922, ya tashi a Sakaiminato, wani garin masunta, inda wata tsohuwa matalauciya ta cika masa kunne da labaran aljanu da fatalwa. Aka kai shi yaƙi tsibirin New Britain, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, bam ya raba shi da hannunsa na hagu, ya komo da hannu ɗaya ya zauna a Kobe yana zana kwalayen masu keke, daga baya ya koma littattafan haya cikin matsanancin talauci, bai ga sauƙi ba sai da ya haura shekara arba'in. Wanda ya karanta labaransa na Kitaro, yaron maƙabarta, ko littafin da ya rubuta a kan tsohuwar nan, zai ga aljanun Mizuki ba su kai mutane ban tsoro ba. Yunwa suke ji, bashi ke bin su, kuma akwai rahama a yadda ya zana su, irin ta wanda ya ga mutuwa ido da ido ya daina raina kowane mai rai.

A 1959 aka fara mujallun mako-mako na yara maza, Shonen Magazine da Shonen Sunday, a 1968 Shonen Jump ta biyo baya, wadda a 1995 ta kai ga buga kwafi fiye da miliyan 6 a mako guda. Dukiya ta shigo, amma ƙa'idar titi ba ta sauya ba: babi kowane mako, a yanke shi inda rai ya rataya, masu karatu su aiko da katin zaɓe, labarin da ya zo ƙarshe a jeri a datse shi ko da marubucinsa bai gama ba. Wannan ƙa'ida ita ce ƙarfin manga, ita ce kuma zaluncinsa, domin ta haifar da labarai marasa gundura, ta kuma cinye lafiyar masu zane da yawa.

Abin takaici shi ne, a lokacin da ake wannan aiki, masu ilmin ƙasar ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A 1955 iyaye da malamai sun yi gangamin yaƙi da abin da suka kira miyagun littattafai, har aka ƙona wasu a filayen makarantu, kwalayen masu keke kuwa mafi yawansu sun lalace ba wanda ya adana. Yau jami'o'i da gidajen tarihi ke neman ragowarsu ido rufe. Mu da muka san shagunan hayar littattafan Hausa a Kano da sauran garuruwanmu, ya kamata mu ɗauki ibra: a tace abin da ya kamata a tace, a soki abin da ya cancanci suka, amma a tattara a adana tun masu shi suna raye, domin adabin da talaka ya biya da kuɗin guminsa shaida ce a kan zamaninsa wadda ba a samun irinta a kundin hukuma.