Amsar Wasiƙa: Wa Ya Ƙago Kuɗin Kwalba?

Wani ɗan tireda mai sauraronmu ya aiko da wasiƙa yana tambaya, shin wa ya ƙago ajiye kuɗin kwalba in mutum ya sayi lemo zai tafi da shi gida? To malam, mun gode, ga amsa.

Masu kamfanin lemo ne da kansu suka fara, tun kafin gwamnati ta sa baki. Ƙera kwalba na da tsada, saboda haka suka ɗora mata kuɗi don ta dawo, a wanke, a sake cikawa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai kwalbar sha-ka-yar ta yaɗu a Amurka. Nan fa rigima ta tashi, kuma manoma irinka ne suka tayar da ita. A jihar Vermont masu motoci kan sha su wurga kwalabe cikin gonakin bakin titi, su fashe, gilashin ya shiga harawa, shanu su ci su jikkata. Manoma suka yi ta ƙorafi, har a 1953 jihar ta hana sayar da giya a kwalbar da ba a sake cika ta. Dokar ba ta yi ƙarko ba, shekara huɗu kacal ta yi.

Jihar Oregon ce ta canza dabara a 1971. Maimakon hani, sai ta sa santi 5 a kan kwalba ko gwangwani, ka mayar a ba ka kuɗinka. Ka ga ba wa'azi, ba ɗan sanda. Ko mai shan ya yar, wani zai tsinta ya kai. Jamus ta bi sahu a 2003, inda robar lemo ke da ajiyar santi 25, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na dawowa.

Yanzu duba namu. Ka taɓa ganin kwalbar lemo lafiyayya tana yawo a kwata? Da wuya, don tana da kuɗi a kanta. Amma ledar fiya wata fa? Ba mai biyan ko sisi in ka mayar, sai iska ta kwashe ta zuwa gona. Tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa cikin tumbin akuya in ya farke.